Sauke Injin Mota da Ɗora Wani a Garejin Gida: Misali Daga Peugeot 504

Gabatarwa

Daga cikin maganganun da mai mota ke tsoron ji daga bakin bakanike babu kamar a ce masa, "Alhaji, injin nan fa ya buga." Sauran cututtukan mota, irin su facin taya ko mutuwar batir ko sakin birki, duk abubuwa ne da ake gamawa da su a yini guda. Bugawar inji kuwa magana ce ta makonni, kuma kuɗin da takan ci wani lokaci yakan kusanci abin da motar kanta za ta yi a kasuwa. Wannan ne ya sa waɗansu masu motoci da ke da ɗan sani a kan ƙarafa sukan zaɓi su yi aikin a gida, ko dai da hannunsu ko kuwa su kira bakanike ɗaya da yaronsa su yi shi a gaban idonsu.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda ake sauke injin da ya lalace a ɗora wani a madadinsa a garejin gida, tare da jawo hankali ga abin da aka fi mantawa da shi, watau cewa inji ba ya mutuwa haka kawai, kuma abin da ya kashe shi sau da yawa yakan zauna a jikin motar bayan an fitar da gawar.

Motar da aka ɗauka misali

An zaɓi Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo, domin ba a cika samun motar da kanikawan ƙasar Hausa suka sani ciki da waje kamarta ba. A Faransa aka fara fito da ita a shekarar 1968, sa'an nan masana'antar Peugeot da ke Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har zuwa 2006, shekaru da yawa bayan Faransawa sun daina ƙera ta. A da ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce tasi, ita ce kuma ta jigilar fasinja tsakanin Kano da Zariya da Sakkwato. Daga 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi a ƙarƙashin shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Babangida, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin ma'aikata, sai hankali ya koma ga raya tsohuwa. Tun daga wannan lokaci cinikin tsofaffin injina daga Turai ya bunƙasa, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano, bisa sunan inda suke fitowa ko tashar da suke sauka.

Injin da aka fi sani a wannan mota mai silinda huɗu ne, girmansa cc 1971, gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, kansa kuma, wanda kanikawa ke kira tof silinda, na alminiyam ne. A tsaye yake daga gaba zuwa baya, amma an kishingiɗar da shi gefe guda, giyabos yana manne da bayansa, ƙafafun baya ne kuma ke tura motar. Wannan tsari ya sa ana iya zare injin shi kaɗai ta sama, a bar giyabos a wurinsa. Ba kowace mota ke haka ba. Volkswagen ɗin nan mai siffar ƙwaro, wadda ita ma aka fara harhaɗa ta a Legas a 1975, injinta a baya yake, ba ya shan ruwa, kusoshi huɗu kacal ke riƙe da shi a jikin giyabos, kuma ta ƙasa ake sauke shi a kan jak bayan an ɗaga bayan motar. Yawancin ƙananan motocin zamanin nan kuwa injinsu a gicciye yake, cike da wayoyi da na'urorin awo da ke magana da kwamfutar motar, har akan wayi gari an ɗora inji lafiyayye amma ya ƙi tashi domin kwamfutar ba ta amince da shi ba. Irin waɗannan ba su dace da garejin gida ba sai ga wanda yake da na'urar bincike.

Tabbatar da mutuwar inji da gano abin da ya kashe shi

Ba duk injin da ya yi tari ko hayaƙi ne ya cancanci saukewa ba. Baƙin hayaƙi alama ce ta cewa fetur ya yi wa iska yawa, kuma maganinsa na wajen kafireta ko matatar iska. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nuna cewa baƙin mai na ƙonewa tare da fetur, galibi domin zobban fistin sun cinye. Farin hayaƙi mai kauri wanda bai tsaya ba bayan inji ya yi ɗumi, musamman idan ruwan lagireto na raguwa, ko kuwa baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, yana nufin ruwa ya sami hanyar shiga inda bai kamata ba, kuma sau da yawa gasket ɗin kai ne ya ƙone. Duk waɗannan ana iya gyara su inji na zaune a mazauninsa. A cikin irin wannan gyara ne ake goge bakin bawul domin ya zauna daidai, aikin da ya ba Hausa kalmar garambawul, wadda ta bar gareji ta shiga bakin 'yan jarida da 'yan siyasa.

Akwai wani tarko a nan da ya shafi 504. Silindojinta ba a jikin gangar aka huda su ba, hannayen riga ne na ƙarfe, watau silib, da aka zura a ciki, ruwa na zagaya su kai tsaye. Kan injin ne ke danne su. Idan aka cire kan, sa'an nan wani ya juya karanshaf ba tare da an danne silib ɗin da wani abu ba, sai su motsa, abin da ya toshe gindinsu ya saki, ruwa ya riƙa zuba cikin baƙin mai. Ta wannan hanya ƙaramin gyara yakan zama babba.

Injin da ya wajaba a sauke shi ne wanda ciwonsa ke can ƙasa. Alamarsa ƙara ce mai nauyi, kamar ana dukan turmi daga ciki, wadda ke ƙaruwa idan an taka totur, tare da jar fitilar mai da ke kamawa ko da akwai mai a ciki. Wannan na nufin metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kansu sun cinye. Haka kuma injin da ya ƙafe ya ƙi juyawa ko da an sa dogon sufana, da wanda sandar fistin ta karye ta ɓula gangarsa.

To, a nan ne ya kamata mai mota ya dakata ya yi tambaya, me ya kashe shi? Amsar ba ta cika wuce abu uku ba: zafi, da rashin mai, da ƙura. Zafi na zuwa daga lagireton da ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya, ko famfon ruwa da ya gaji, ko tiyo mai yoyo, ko fanbel da ya saki. Rashin mai na zuwa daga yoyo, ko jinkirin juye, ko gurɓataccen mai da aka saya a gefen hanya. Ƙura kuwa, musamman a lokacin hunturu, tana shiga ne ta matatar iska da ta yage ko aka cire aka yar, ta zama kamar yashin wanke kwano a tsakanin fistin da silinda. Abin lura shi ne lagireto da tiyo da matatar iska da kafireta duk ba sa cikin abin da ake saye idan an ce an sayi inji. Tsofaffin ake mayarwa. Wanda ya ɗora sabon inji a bayan toshashshen lagireto ya kashe maciji ne bai sare kansa ba, kuma ba zai daɗe ba zai sake jin maganar da ya ji da farko.

Wuri da kayan aiki

Injin 504 ya fi buhun siminti biyu nauyi nesa ba kusa ba, saboda haka tambaya ta farko ita ce a ina za a rataye shi. A garejin kanikawa akan ga an ɗaura cen bulok, watau sarƙar ɗaga kaya mai ƙugiya, a reshen darbejiya ko mangwaro, amma bakanike ya san reshensa, ya gwada shi shekara da shekaru. Katakon rufin garejin gida ba a yi shi domin ɗaukar irin wannan nauyi ba, balle azarar ginin ƙasa. Abin da ya fi aminci shi ne a ari ƙugiyar ɗaga inji mai ƙafafu, in ba a samu ba a kafa bututun ƙarfe uku masu kauri a haɗa kawunansu sama kamar murhu, a ɗaure ƙafafunsu da sarƙa don kada su baje. Ƙasa kuma ta kasance daɓen siminti a miƙe. Idan ya zama dole a ɗaga motar domin a shiga ƙarƙashinta, a tokare ta da ƙafafun ƙarfe ko guntayen katako masu kauri. Jak ba abin dogara ba ne, bulo kuwa ya fi shi sharri, domin yakan farfashe ne gaba ɗaya ba tare da gargaɗi ba.

Ban da sufanu iri-iri da sukudireba da filaya, ana bukatar sufana mai awon ɗauri, da daro biyu na tarar mai da ruwa, da gwangwanaye na zuba notuna. Amma kayan aikin da ya fi kowane muhimmanci, wanda kuma aka fi rainawa, shi ne alƙalami da takarda da salatif. Duk wayar da aka cire a liƙa mata lamba, a rubuta inda ta fito, ko a ɗauki hotonta da wayar hannu kafin a taɓa ta. Bakanike na iya dogara da ƙwaƙwalwarsa domin ya kwance irin wannan inji sau ɗari, mai gida kuwa wanda zai ɗauki mako biyu yana neman kuɗin inji, ba zai tuna wace waya ce ta kwayil ba, wace ce ta ma'aunin zafi.

Saukewa

Ana farawa ne da batir, a cire wayar da ke haɗe da jikin mota tukuna, domin idan aka fara da ɗayar, sufana ya taɓa ƙarfe, wuta za ta tashi. Sa'an nan a zagaye maƙalan bonet da fensir kafin a kwance shi, don a gane mazauninsa lokacin mayarwa. A tsiyaye ruwa da baƙin mai. A fitar da lagireto gaba ɗaya, ko da ana ganin inji zai wuce ba tare da haka ba, domin ƙaramar gogayya ta isa ta huda shi, kuma dama wankin ciki yake jira. Daga nan sai matatar iska, da wayar totur da ta cok, da tiyon fetur, wanda za a toshe bakinsa nan take. A wannan lokaci ba a kusanto da taba ko fitilar ƙwai ko wutar walda, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasa ya bi daɓe har ya tarar da wuta. Sai wayoyin altaneta da na kik da na distirbuta, da kik ɗin kansa, da kuma notunan da suka haɗa inji da bututun salansa. Waɗannan na ƙarshe zafi da tsatsa sun riga sun cinye su, don haka gara a jiƙa su da kananzir tun daren jiya, domin idan guda ya karye a ciki, ya ƙara aikin yini.

Bayan haka sai a tokare giyabos da jak daga ƙasa, a sa katako a tsakani. A maƙala sarƙa a kunnuwan ɗaga inji, a ja har ta ɗauki nauyin, sa'an nan a kwance kusoshin da suka haɗa inji da giyabos, da na robobin da yake zaune a kansu, waɗanda ake kira injin sit. Ba a fara da ɗagawa sama. Dole ne inji ya fara matsowa gaba, a miƙe, har sandar giyabos ta zare daga cikin kuloci, in ba haka ba nauyinsa zai rataya a kan sandar ya lanƙwasa farantin kuloci. Idan ya ƙi motsi, kusan kullum akwai kusa ɗaya ko waya ɗaya da aka manta, kuma nemanta ya fi sa ƙarfi. Idan ya rabu sai a ɗaga a hankali, mutum ɗaya na jan sarƙa, ɗaya na riƙe da inji daga gefe don kada ya yi lilo. Babu wanda zai sa hannu ko kai a ƙarƙashinsa, yara kuma a kore su daga wurin tun kafin a fara. Da ya haye gaban motar, ya fi sauƙi a tura motar baya a sauke shi a kan tsohuwar taya, maimakon a ja shi yana reto.

Baƙin man da aka tsiyaye a zuba shi a jarka a rufe. Zubar da shi a kwata ko bayan gida hanya ce ta kai shi rijiyar unguwa.

Zaɓen wanda za a ɗora

Hanya biyu ce a gaban mai mota. Ko dai a yi wa tsohon obahol, watau a kai karanshaf wurin masu injin gogewa, a sa sababbin metal da fistin da zobba, ko kuwa a sayi wani. A nan 504 tana da wata falala, domin tun da silib ɗinta na cirewa ne, ana sayensu tare da fistin a matsayin saiti guda, inji ya koma kusan sabo ba tare da an huda ganga ba. Idan gangar ba ta fashe ba, kuma akwai tabbacin samun kaya na ainihi, obahol ya fi, domin mutum ya san abin da ke cikin injinsa. Matsalar ita ce jabun kaya, waɗanda kwalinsu ba ya bambanta da na gaske.

Wanda ya zaɓi saye, a kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, ya sani cewa wanki da fenti ba su ne lafiyar inji ba, kuma ba a cinikin biri a sama. A sa sufana a juya karanshaf zagaye biyu, a ji yana tafiya sumul yana kuma turjewa sau huɗu, alamar kowace silinda na matsa iska. A cire fulogi a duba bakinsu, wanda ya jiƙe da mai ko ya yi tsatsa ya tona asirin silindarsa. A leƙa ƙarƙashin murfin zuba mai. In mai kaya ya yarda, a kwance kaskon mai na ƙasa, domin ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli a gindinsa shaida ce ta cewa metal sun fara tafiya. Mai kayan da ya ƙi yarda a buɗe, ya kuma ƙi ba da kwanakin gwaji, ya riga ya ba da amsa. A kuma gwada shi da tsohon, domin an ɗora irin wannan inji a kan 505 ma, kuma waɗansu na Turai ba kafireta gare su ba, allurar fetur ce, saboda haka kada a rabu da tsohon inji sai an gama aiki, don za a bukaci ciro abubuwa daga jikinsa.

Kowane inji na da lamba da aka buga a gangarsa, kuma lambar tsohon ce ke cikin takardun motar. A karɓi rasiɗi mai ɗauke da lambar sabon da sunan shagon, a je ofishin lasin a gyara takardu. Wanda ya yi sakaci da wannan zai sha tambaya a shingen 'yan sanda, in kuwa injin na sata ne, a hannunsa za a same shi.

Ɗorawa da tayarwa

Tun inji na ƙasa ya kamata a sabunta duk abin da ba a iya kaiwa gare shi sai an sauke, musamman farantin kuloci da boris ɗinsa da injin sit. Rowar kuɗin kuloci a wannan lokaci na nufin sake raba inji da giyabos bayan 'yan watanni. Wajen ɗaure kuloci dole farantin ya zauna a tsakiya cif, ana daidaita shi da tsohuwar sandar giyabos ko sandar katako da aka feƙe daidai ramin. Kusoshinsa kuma ana ɗaure su ne kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan.

Mafi wuyar aikin duka shi ne aurar da inji da giyabos. Sai sun fuskanci juna a miƙe, tazarar da ke tsakaninsu ta zama ɗaya sama da ƙasa, sa'an nan haƙoran sandar su shiga na farantin. Idan suka ƙi, a sa giya a juya karanshaf kaɗan har su faɗa. Akwai masu gajen haƙuri da ke zura dogayen kusoshi su jawo su da ƙarfin sufana. Wannan ɗabi'a ta fasa giyabos da yawa. Idan komai ya daidaita, da hannu ake tura shi ya zauna.

Sauran haɗi bin takardar nan ne daga ƙasa zuwa sama. Abu biyu ne suka fi ba da wahala. Na farko ita ce faffaɗar wayar da ke haɗa inji da jikin mota, wadda idan aka manta da ita wutar kik za ta nemi hanya ta wayar totur ko ta cok har ta ƙone su. Na biyu jerin wayoyin fulogi, wanda yake 1-3-4-2, amma Faransawa daga wajen giyabos suke fara ƙidayar silinda, ba daga wajen lagireto ba, kuma wanda ya saba da motocin Japan yakan ruɗe a nan. Akwai kuma al'adar nan ta cire tamostat, watau ƙaramin bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, bisa zaton cewa ƙasar zafi ba ta bukatarsa. Cire shi ɓoye ciwon lagireto ne kawai, kuma injin da ke aiki da sanyi ya fi shan mai ya fi saurin cinyewa.

Bayan an zuba sabon mai, kimanin lita 4, da sabuwar filta da ruwa mai tsabta, ba a tayar da inji nan take. A cire fulogi da wayar kwayil, a yi ta murza kik har jar fitilar mai ta mutu, alamar mai ya kai ga metal. Sa'an nan a mayar da su a tayar, ƙofar gareji a buɗe, domin hayaƙin salansa na ɗauke da iskar da ba ta da launi ko wari, wadda ke kashe mutum a rufaffen ɗaki. Idan fitilar mai ba ta mutu ba cikin 'yan daƙiƙu, a kashe. Idan ta mutu, a bar shi a silo, a leƙa ƙasa ana neman ɗigo, a daidaita tayimin, ido kuma na kan ma'aunin zafi har allurar ta hau tsakiya ta tsaya. Injin da aka yi wa obahol ana lallaɓa shi ne na kimanin kilomita 1,000, ba gudu ba lodi, daga nan a juye mai, a sake ɗaure kusoshin kai da sufana mai awo, a daidaita bawul. A makon farko kuwa, kowace safiya kafin a sa makulli, a buɗe bonet a duba ruwa da mai, a kuma dubi daɓen da motar ta kwana a kai.